Goron da Ke Cikin Firij

Handsworth, Birmingham
6 ga Oktoba

Zuwa ga Kakana, Alhaji Dramani,

Assalamu alaikum. Kafin komai ina neman gafararka a kan ƙarfin halin da na yi na rubuto maka takarda ba tare da ka nema ba. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagewa. Idan ka ga bai dace ba ka ajiye ta kawai, ba zan ji haushi ba.

Ina gaishe ka da kyau da kyau. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan da ke damunka idan sanyi ya shigo? Yaya Gwaggo Wasilatu da hidimar gida? Ina fata likitanka ya canza maka maganin da ke sa ka barci da rana. Mu nan lafiya lau, Mama tana gaishe ka. Baba bai san ina rubuto maka ba, gara in faɗa tun yanzu.

Ni ce Zuweira, mai sunan mahaifiyarka, wadda ba ka taɓa kiran sunanta ba sai dai Uwata. Na girma sosai tun ganinka da ni na ƙarshe, har na fi Mama tsawo. Shekarata goma sha shida yanzu, kuma cikin darussan da na zaɓa har da tarihi.

Malamarmu ta tarihi, Malama Hannah, ta ba mu aiki a kan salon mulkin shugabannin Amurka na da. Ta ce kowa ya kwatanta yadda wasu daga cikinsu suka riƙe jama'a, sannan ya nemi wani da ya taɓa shugabanci ya yi masa tambayoyi, don mu ga ko abin da ke cikin littafi ya yi kama da abin da ke faruwa. Wata a ajinmu za ta tambayi kawunta da ke aiki a council, wato ƙaramar hukuma. Ni kuwa malama tana faɗa kai ne ka faɗo mini a rai. Shekara goma sha tara ka yi kana shugabancin Ƙungiyar Zumuncin Zango, kuma daga Manchester har nan Birmingham babu suna ko jana'iza ko sulhu da aka yi ba da saninka ba.

Na fara da George Washington, shugabansu na farko. Ya yi wa'adi biyu, shekara takwas, sai ya ce ya isa, ya koma gonarsa, alhali a lokacin babu dokar da ta hana shi ci gaba. Wallahi Kaka ban kawo shi don habaici ba. Shi ne na farko a jerin, shi ya sa.

Amma tunda na taɓo wurin, bari in faɗi abin da na sani. Ina nan ranar taron Manchester shekara biyu da suka wuce, ina ɓangaren mata ina zuba wa mutane shinkafa da wake da shito, yajin nan namu na Ghana. Na ga lokacin da Baba ya miƙe a matsayinsa na sakatare, ya karanta sabuwar dokar da matasa suka rubuta, cewa kada wani ya wuce wa'adi biyu. Na ga ka ɗauki sandarka ka fita kafin addu'ar tashi. Bayan nan aka kaɗa ƙuri'a aka zaɓi Baba. Tun ranar ba ka ɗauki wayarsa ba, ba ka zo mana Sallah ba, mu ma ba a kai mu ba. Daga baya Mama ta fahimtar da ni cewa ba dokar ce ta fi yi maka ciwo ba. A gaban jama'a ka fara jin ta, daga bakin ɗanka na fari, ba tare da ya fara zuwa gida da goro ya zauna a ƙasa ya gaya maka ba.

Ba don in shiga maganar manya na rubuto ba. Tambayoyina uku ne. Wane shugaban Amurka ne ya fi burge ka? Yaya kake yi ka shawo kan mutane idan ra'ayi ya rabu? Ta ukun kuma, me ya fi wuya a shugabanci? Na sa ambulan mai kan sarki a ciki don kada Gwaggo ta sha wahalar zuwa gidan waya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Jikarka mai ƙaunarka,
Zuweira


Handsworth
20 ga Oktoba

Kakana Alhaji,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo. Na ji daɗi da ka ce gwiwar ta yi sauƙi. Don Allah kada ka daina sa safa mai kauri.

Takardarka ta iso ranar Alhamis. Da na ga shuɗiyar tawadar nan, da rubutunka na tsohon malamin makarantar Kumasi, da Uwata a saman shafi, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska kafin in iya karantawa.

Ka ce duk mai yabon Washington ya tuna cewa bayi ne ke noma gonar da ya koma. Na bincika, gaskiyarka ce, kuma na ji kunya da ban lura ba, ni da kakannina suka fito daga Ghana. Na ƙara sakin layi guda a kan haka.

Na yi dariya da na ga wanda ka zaɓa, domin na yi tsammani. Franklin Roosevelt, wanda aka zaɓa har sau huɗu, wanda ya riƙe ƙasar lokacin talauci da lokacin yaƙi alhali ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, yana yi wa mutane magana ta rediyo kamar yana zaune a falonsu. Ka ce mutanen da suka zaɓe shi sau huɗu ba mahaukata ba ne. Haka ne. Sai dai a kan kujerar ya rasu, kuma bayansa ne suka sa dokar wa'adi biyu. Ka yafe mini, a littafin na gani.

Amsarka ta biyu ce ta fi tsaya mini a rai. Ka ce ba ka taɓa shiga taro ba sai ka riga ka bi gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, ka hau jirgin ƙasa zuwa nan idan ta kama, ka sha shayin kowa ka ji kukansa, ta yadda ranar taro addu'a da cin abinci kawai suka rage. Akwai wani shugabansu, Lyndon Johnson, da aka ce haka yake bin 'yan majalisa, ɗaya ɗaya, ta waya ko ido da ido, ya matso daf da mutum har sai ya amince. Na ga hotonsa ya sunkuyo kan wani ɗan majalisa, sai na tuna yadda kake riƙe hannun mutum ba ka saki sai ya ce to.

Baba shi kuma ya fi kama da Jimmy Carter, wanda aka ce yakan karanta takardu filla-filla da kansa. Yana dawowa daga tuƙin bas zai zauna a teburin kicin yana tsara ajandar taro, da lambobi da komai. Ba ya zuwa gidan kowa, sai dai ya tura saƙo a zauren WhatsApp. Taron watan jiya awa huɗu aka yi ana gardama a kan inda za a yi taron Sallah, nan ko can, aka watse ba addu'a. Mutanen Manchester ma sun fara cewa za su ware. Baba mutum ne mai gaskiya, Kaka, amma ya rame.

Tambaya ta uku ba ka amsa ba. Ban matsa ba.

Na lura a takardarka direban nan kake ce wa Baba. Na san ba a kiran sunan ɗan fari, amma da can yaron nan kake cewa.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Baba ne ya ɗauko takardarka a bakin ƙofa. Ya daɗe yana riƙe da ita yana kallon rubutun, sannan ya miƙo mini. Bai yi faɗa ba. Abu ɗaya ya tambaya, wai ko hannunka ya fara rawa. Na ce ban ga alama ba. Washegari sai ga shi daga shagunan Soho Road da leda cike da farin goro manya manya. Mama ta naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle ta sa a ƙasan firij, ta ce aikina ne in riƙa yayyafa masa ruwa kullum da safe. Babu wanda ya ce na wane ne, ni ma ban tambaya ba.

Ina gaida Gwaggo. Allah ya bar mana kai.

Jikarka,
Zuweira


Handsworth
10 ga Nuwamba

Kakana Alhaji,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Gwaggo Wasilatu, ina fata ruwan saman nan da aka yi mako guda ana yi bai hana ka zuwa masallaci ba.

Mako uku ke nan ina duba bakin ƙofa, babu shuɗiyar tawada. Na san ni na jawo, na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. Gwaggo ta kira Mama ta ce sau biyu ka karanta takardata, kuma ka ce direban da ya san kowane lungu na Birmingham ai ba zai ɓata a hanyar Manchester ba.

Bai ɓata ba, Kaka. Zan gaya maka abin da zai ji kunya idan ya san na faɗa. Sau biyu ya kamo hanya. Asabar ta ƙarshen watan jiya ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki goron, ya hau babbar hanyar M6. Ya kai wurin hutawar matafiya na Keele, ya tsaya wai zai sha ruwa, ya yi awa guda a cikin mota, ya juyo. Asabar da ta biyo ma haka, a wuri ɗaya. Duk sau biyun ni na mayar da goron firij. Na ji yana gaya wa Mama cewa muddin bai miƙa ba, akwai sauran fata. Idan ya miƙa ka ƙi karɓa, shi ke nan, goron da aka mayar ba a sake kai shi, maganar ta rufe har abada. Wannan ne ke juyo da shi.

Goron ya fara yamushewa. Na fitar da huɗu da suka yi baƙi. Ina yayyafa ruwa yadda aka ce, amma ban san kwana nawa ya rage masa ba.

A makon nan na karanta labarin shugabansu na biyu da na uku, John Adams da Thomas Jefferson. Tare suka yi fafutukar 'yancin ƙasar, aminai ne. Ra'ayinsu a kan mulki ya bambanta. Adams yana ganin sai gwamnati ta yi ƙarfi ake samun zaman lafiya, Jefferson yana tsoron gwamnatin da ta yi ƙarfi da yawa. Jefferson shi ne mataimakin Adams, kuma shi ya kayar da shi a zaɓe. Ranar da za a rantsar da shi, Adams ya bar gari da sassafe, bai tsaya ba. Shekara goma sha biyu suka yi ba magana. Wani abokinsu likita ne ya yi ta rubuta wa wannan, ya rubuta wa wancan, har suka sauko. Daga nan suka yi ta musayar wasiƙu fiye da ɗari da hamsin, suna gardama suna tsokanar juna da tsufa, har suka rasu rana ɗaya. Adams ne babba, shi aka kayar, kuma shi ya fara rubutawa. Ban ce ka yi haka ba. Ba al'adarmu ba ce, kuma Baba ne ya yi kuskure, shi ya kamata ya tako. Ya sani, ya faɗa da bakinsa.

Abin da ya tsorata ni shi ne shekara goma sha biyun. Ku kun riga kun ci biyu, na lissafa shekarunka na ƙara goman da suka rage, sai na rufe littafin.

Dole in amsa laifina. Aikin makarantar gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ya sa na rubuto maka ba. Ina kewarka. Ina kewar yadda kake zuwa da gyaɗa a aljihu, kana zagin shayinmu wai ruwan zafi ne kawai.

Ni ba likita ba ce, ba kuma babba ba. Abu ɗaya nake da shi, kai ka ba ni. Tun ina ƙarama kake cewa duk abin da uwarka ta ce ka yi, za ka yi. Na sha amfani da wannan in karɓi cakulan, ko in sa ka bar mini tashar da nake so a talabijin. Ban taɓa amfani da shi a babban abu ba.

To, Alhaji, uwarka ce ke magana. Ranar Asabar mai zuwa, goma sha shida ga wata, bayan azahar, ɗanka zai zo maka da goro. Ni zan zauna a kujerar gaba don kada ya juyo a Keele. Ka buɗe masa ƙofa. Ka yi masa faɗa iya son ranka, ya cancanta, amma kada ka mayar da goron.

Idan na wuce gona da iri, ka hukunta ni idan na zo, zan durƙusa in karɓa.

Taka har kullum,
Zuweira


Handsworth
18 ga Nuwamba

Kakana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Yaya gajiyar baƙi? Yaya gwiwa, bayan tsayuwar da ka yi a bakin ƙofa cikin sanyi ba hula? Mun iso gida lafiya. A gaida Gwaggo, a ce mata tuwon zafi da miyar ayoyon da ta ƙullo mana Mama ta hana kowa taɓawa sai ita.

Abin da ya faru a falonka ka fi ni sani, amma akwai abubuwan da ba ka gani ba.

Da za mu je, muna kusa da Keele sai na ga Baba ya kunna sigina. Ina riƙe da goron a cinyata. Na ce masa idan ni uwar Alhaji ce, to shi kakarsa ce ni, kuma kakarsa ta ce a wuce. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sai ya fashe da dariya, ya kashe siginar. Daga nan muka wuce kai tsaye har unguwarku ta Longsight.

Kuma na san sirrinka. Gwaggo ta gaya mini a kicin cewa tun safe ka canza riga sau biyu, kuma kai ka sa ta ɗora tuwon, kana ta leƙe ta labule. Don haka minti ashirin ɗin da ka bar Baba a durƙushe kana kallon labarai kamar ba ka gan shi ba, ban ji tsoro sosai ba. Na ɗan ji dai. Da ya gama ba da haƙuri ya miƙo goron da hannu biyu ka ƙi sa hannu, na ɗauka komai ya ƙare. Ban san za ka ce Uwata ta karɓa ta fasa ta raba wa 'ya'yanta ba. Ka yi haƙuri da na ba Baba ɓari mafi girma.

Na karɓi faɗan da ka yi mana a kan firij. Na rubuta a littafina cewa sanyin firij kashe goro yake yi, a ganye ake ajiye shi a wuri mai inuwa. Mama ta ce a gaya maka a Handsworth ba a samun ganyen, ka aiko mata.

Takardar da ka ba Baba mai sunayen gidaje bakwai na Manchester da zai bi kafin taro na gaba tana manne a jikin firij ɗin. Ya riga ya nemi hutun Asabar biyu a wurin aiki. Ka ce za ka raka shi amma ba za ka buɗe baki ba. Ni da Mama ba mu yarda za ka iya ba.

Ga abin da na fi so ka sani. Da ka rako mu bakin ƙofa ka kira Baba Shugaba, ka ce ya sauka lafiya, sai ya yi sauri ya shiga mota, wataƙila ka ɗauka bai ji ba. Ya ji. A hanyar dawowa ya tsaya a Keele, wannan karon ban hana shi ba. Muka yi sallar magariba, muka koma mota, sai ya kifa kansa a kan sitiyari. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba. Ban san abin da zan yi ba, sai na ba shi sauran ɓarin goron da ke aljihuna. Ya tauna, ya ce bai taɓa cin goro marar daɗi irin wannan ba, ya cinye duka.

Na miƙa aikin makarantar yau. Malama Hannah ta ce kowa ya faɗi wanda yake ganin ya fi iya mulki. Yawancin ajin Lincoln suka zaɓa, shugaban da ya 'yanta bayi. Ni na ce ban san wanda ya fi iya mulki ba, amma na fi son Adams, ba don shekarunsa a kan kujera ba, don wasiƙar da ya rubuta bayan ya sauka. Na san har yanzu kana nan a kan Roosevelt ɗinka. Tambayata ta uku kuma na bar wurinta a buɗe, na rubuta cewa wanda na tambaya bai amsa da baki ba.

Yanzu aikin ya ƙare, goron ma ya ƙare, ba ni da sauran hujjar ɗaukar alƙalami. Amma na saba da jiran shuɗiyar tawada a bakin ƙofa. Ko za ka ba ni izini in riƙa rubuto maka haka kawai, ko babu wani dalili? Wannan karon ba uwarka ce ke ba da umarni ba. Jikarka ce ke roƙo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mu tare.

Jikarka mai ƙaunarka,
Zuweira